Roba, foli ko tagulla: wane bushin ya dace da tsohuwar mota a zafin Sakkwato?

Duk wanda ya taɓa neman bidiyon farfaɗo da tsofaffin motoci a YouTube ko TikTok ya san wannan hoton: an ɗaga mota, an zare wasu baƙaƙen robobi da suka tsattsage, an mayar da sababbi masu launin ja ko shuɗi ko ɗorawa, sai mai bidiyon ya ce yanzu motar ta fi sabuwa kama hanya. Waɗannan masu launin da foliyuretan aka yi su, a taƙaice foli, kuma cikin minti biyar za ka same su a eBay ko AliExpress. Matashin da ya gaji Peugeot 504 ta mahaifinsa a Mabera ko Runjin Sambo, ko ya sayi tsohuwar Marsandi yana son tada ta, zai iya ɗauka magana ta ƙare, saura ya tura kuɗi.

Da sauran magana. Yawancin masu waɗancan bidiyoyin a Ingila, Jamus ko Amurka suke, motocinsu sai ranar hutu suke fita, a kan titi mai laushi. Taka motar kuwa za ta kwana ta wuni a garin da ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ta sha ƙurar hunturu, ta bi gargadar hanyoyin ƙauye. Bushin da ya dace da can ba lallai ya dace da nan ba, kuma ko a jikin mota ɗaya, abin da ya dace da wani gurbi zai iya ɓata wani.

Mene ne aikin bushin?

A ƙarƙashin mota akwai hannayen ƙarfe da ke riƙe taya, suna barin ta ta yi sama da ƙasa ba tare da ta kauce daga saitinta ba. Duk inda irin wannan hannu ya haɗu da gangar jikin mota, ana sa wani abu a tsakani don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi ne bushin. Makanikan Birnin Ƙonni da Maraɗi kan kira shi silanbulok, daga sunan da Faransawa suka saba da shi. Mafi yawansa bututun ƙarfe ne guda biyu, ƙarami cikin babba, an cike tsakaninsu da roba.

Sai a kula da kalmar roba, domin a Hausa bokiti ma roba ne. A nan ana nufin roba mai lanƙwasa irin ta taya, wadda ake dafawa da farar wuta don ta yi ƙarfi, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Mai tauri irin ta bokiti za mu kira ta filastik.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bushin roba ba ya juyawa. Robar manne take da ƙarfen ciki, ƙarfen cikin kuma kusa ta matse shi. Idan taya ta faɗa rami hannun ya motsa, robar ce ke murɗewa a cikin kanta sannan ta dawo, kamar yadda ake murɗe tsumma. Ba abin da ke gogar wani, don haka ba ya buƙatar giris, kuma ƙura ba ta da inda za ta shiga. Bayan haka yana shanye girgiza, yana kuma ba da ɗan sassauci ta kowace fuska, gaba da baya, gefe da gefe. Riƙe wannan bayani, domin duk sauran maganar a kansa take tafiya.

Ba banza ba Fijo 504 ta yi suna a hanyoyinmu. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka kuma ci gaba da yin ta a can har tsakiyar shekarun 2000, da daɗewa bayan Turai ta bar ta. Laushin da tsofaffin direbobin hanyar Sakkwato zuwa Gusau ke yabo ya fito ne daga dogon sifirin, da shokozoba mai kyau, da kuma robobin da injiniyoyi suka auna laushinsu da gangan. Wanda ya cire su duka ya sa masu tauri ya canza motar da aka zana.

Abin da garin nan ke yi wa roba

Abokan gabar roba uku ne: zafi, iska da mai.

Masana sinadarai na da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 na zafi kan kusan ninka saurin tsufan roba. Ka kwatanta Landan, inda rana a watan Yuli ke kai wajen digiri 23, da Sakkwato a Afrilu, sannan ka tuna cewa ƙarƙashin mota a kan kwalta da tsakar rana, kusa da inji da salansa, ya fi abin da manhajar yanayi ke nuna maka zafi. Robar da ta tsufa takan bushe, ta yi tauri, ta fara tsagewa daga baki. Sinadarin ozon da ke cikin iska shi ma yana tsaga roba, musamman wadda ke a miƙe ko a murɗe. Shi ya sa motar da aka jingine shekara biyar a ƙofar gida, ko da ba ta yi tafiyar kilomita ɗaya ba, za ka tarar robobinta sun mutu.

Mai kuwa ya fi su saurin ɓarna. Robar asali ba ta jituwa da duk abin da aka samo daga fetur: tana shan sa, ta kumbura, ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, ta saki ƙarfen da take manne da shi. Tsohon inji mai ɗigar da baƙin mai a kan bushin yana cinye shi a hankali. Haka wanke ƙarƙashin mota da kananzir ko man gas. Mafi muni ita ce al'adar fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota don ta daina ƙara. Za ta yi shiru na mako biyu, amma gyaran gangar Auzinawa ne.

Wannan ya kawo mu kan tarkon da masu son kayan asali ke faɗawa. A wajen gilashin fitila ko tambarin gaba, tsohon kaya da ba a taɓa amfani da shi ba dukiya ne. A wajen roba ba haka ba ne. Ƙa'idar duniya ta ajiyar kayan roba, ISO 2230, ta ba robar asali shekara 5 a ajiya kafin a sake duba ta, shi ma a wuri mai duhu da bai wuce digiri 25 ba. Yanzu ka auna bushin da ya shekara ashirin a cikin shago mai rufin kwano. Kwalinsa na asali ne, tambarinsa na asali ne, robar ta riga ta tsufa. Haka ɗan Beljiyam: hannun ƙarfen na iya zama lafiya lau, har ya fi sabon jabu, amma bushin da ke jikinsa sa'an motar da aka ciro shi ne. Sayi hannun, canza robar.

Foli: inda yake da amfani da inda ba shi da shi

Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro foliyuretan a Jamus a 1937, kuma da wuya ka rasa ɗan'uwansa a aljihunka, domin yawancin rigunan waya masu lanƙwasa da TPU ake yin su, wanda dangin foli ne. Falalarsa a fili take. Baƙin mai ba ya narkar da shi yadda yake yi wa roba, ozon ba ya tsaga shi, ba ya saurin lotsawa, kuma sau da yawa rabi biyu yake zuwa, ana iya sa shi da hannu ba sai an nemi injin dannawa ba.

Sai dai yadda yake aiki daban ne. Foli ba ya manne da ƙarfen ciki, juyawa yake a kansa. Duk abin da ke juyawa a kan wani yana buƙatar giris, kuma giris a Sakkwato gayyatar ƙura ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu mai laushi kamar gari tana shiga ko'ina. Idan ta haɗu da giris sai ta zama abin goge ƙarfe, ta riƙa cin bututun ciki da folin kansa. Damina ta zo ta wanke sauran giris ɗin. Daga nan sai ƙara, ƙiiƙ-ƙiiƙ a kowane tudun rage gudu, daga baya kuma sai wasa. Mai foli a garin nan sai ya yarda zai riƙa kwancewa yana wankewa yana sake shafa giris lokaci zuwa lokaci, kuma giris na silikon, ba na bakin titi ba. Mutum nawa ne za su yi haka?

Na biyu, tauri. Ana auna taurin irin waɗannan kaya da ma'aunin Shore A, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 100. Fuskar tayar mota tana wajen 60 zuwa 70. Bushin roba na masana'anta galibi tsakanin 50 da 70 yake. Foli na mota kan fara daga wajen 70 ya kai 95, kuma mai 95 da ƙyar farcenka zai lotsa shi. Kada launi ya ruɗe ka. A wasu kamfanoni, kamar Powerflex na Ingila, launi na nuna tauri. A wasu ado ne kawai. A na AliExpress marasa suna kuwa sai abin da ka gani. Idan mai sayarwa bai rubuta lambar Shore ba, bai faɗa maka abin da kake saya ba.

Bugun da roba ba ta shanye ba, ba ɓacewa yake ba. Yana wucewa zuwa ƙarfen da bushin ke zaune a ciki. Ƙarfen motar da ta shekara arba'in ya riga ya gaji, wataƙila an taɓa yi masa walda sau biyu. Ka ɗora masa duk gargadar da ke tsakanin Gwadabawa da ƙauyukanta ba tare da matashi ba, sai tsagewa ta fara daga gefen walda. Bushin kuɗinsa kaɗan ne. Mazauninsa idan ya yage, aiki ne babba, kuma yana iya yagewa ana cikin gudu.

Na uku shi ne wanda ya fi haɗari. Akwai guraben da hannu ba sama da ƙasa kaɗai yake yi ba, yana kuma karkata. Misali sandar da ke hana tayar gaba yin baya idan an taka birki, wadda ake samu a motoci da dama na wancan zamani, har da Mercedes W123 da aka yi daga 1976 zuwa 1986. Roba na barin ta ta karkata. Foli mai tauri ba ya bari, sai sandar ce ke lanƙwasa a madadinsa, sau dubbai a kowace tafiya, kuma ƙarfen da ake ta lanƙwasawa ƙarshensa karyewa. Haka ƙafar baya ta W124, wadda muka fi sani da Bi-but, mai hannaye biyar a kowane gefe: an zana ta ne a kan cewa kowane bushin zai ɗan ba da kai.

To ina foli ya dace? Inda motsin fuska ɗaya ne kuma mai sauƙin kaiwa. Robobin da ke riƙe sandar sitabilaiza, wato mai hana mota kwanciya a kwana, da na ƙananan sandunanta, nan foli ya fi roba ƙarko kuma ba ya ƙara wa mota tauri sosai. Idon shokozoba ma yana karɓarsa. Ga mai a-kori-kura 504 ko tsohuwar Land Rover mai sifirin faranti, da ke lodin albasa ko buhunan gero ranar kasuwar Illela, foli mai matsakaicin tauri a idon sifirin zaɓi ne mai ma'ana, domin nauyi na saurin murƙushe roba a wurin. Sai kuma gurbin da mai ke ɗiga a kansa ba dare ba rana, kodayake gyara ɗigar ya fi. Kusa da salansa kuwa a bar shi, zafi mai yawa na sa shi laushi ya lotse.

Sitiyari ba wurin gwaji ba ne

A nan ƙa'idar gajeriya ce: abin da masana'anta ta sa, shi za ka mayar.

Tsakanin sandar sitiyari da akwatinsa, a motoci irin su 504 da Volkswagen Beetle, akwai wani faifan roba da ke haɗa su. Ba roba zalla ba ce, akwai zaren saƙa a cikinta, ta yadda ko ta fara lalacewa za ta yi ta sanar da kai da wasa kafin ta rabu. Foli idan ya gaji tsagewa yake, kuma tsagar kan ratsa shi da sauri. Wannan faifan shi ne ke tsakanin hannunka da tayoyin gaba. Kada a sa foli, kada a yanko daga taya.

Akwai kuma guraben da tun asali ba roba ba ce. A cikin bututun rak, wato dogon ƙarfe mai haƙora da ke tura tayoyi hagu da dama, akan sa zoben filastik mai santsi, nailan ko makamancinsa irin Delrin, wanda kamfanin DuPont ya fara sayarwa a 1960. A tsofaffin motoci masu kinfin, da manyan motoci, tagulla ce, kuma tana da kan giris da ake cika wa. Waɗannan aikinsu zamewa ba tare da wasa ba, ba shanye bugu ba. Idan an rasa na saya, mai injin tanin da ya san aikinsa zai iya fere sabo daga sandar tagulla ko Delrin a kan awon tsohon, kuma wannan gyara ne na gaskiya. Abin da ba daidai ba shi ne ɗauko wannan tunanin a kai shi hannayen ƙafa. Masu tseren mota na sa Delrin a can don su ji kowane tsakuwa. A titin Sakkwato haƙoranka ne za su ji.

A W123, wadda ke da akwatin sitiyari maimakon rak, akwai hannun rakiya a ɗaya gefen da ke da nasa bushin. Idan ya ci, sitiyari kan yi yawo, mutane su yi ta zargin akwatin alhali ƙaramin abu ne. A fara duba shi.

Na yankan taya fa?

Kusan kowane gareji a Arewa ya san mai yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota. Sana'a ce, kuma ta mayar da motoci da yawa gida. Robar taya ba ta da laifi a kanta, amma ba a manna ta da ƙarfe ba, cusa ta kawai aka yi, don haka ba za ta murɗe ta dawo yadda ya kamata ba, sai dai ta zame ta goge. Kaurinta ma ba ya zama ɗaya ta kowane gefe, abin da ke gusar da saitin taya. A matsayin wasar sitabilaiza ko matashin kan shokozoba, ba laifi, za ta yi aiki. A hannun da ke riƙe taya, ta kai ka gari ne kawai. Haka nake kallon waɗanda ake bugawa da firintar 3D daga TPU: shimfiɗa-shimfiɗa ake gina su, kuma ta nan suke rabewa idan nauyi ya hau.

Wayarka na da aiki a nan

Kafin ka sayi komai, tabbatar bushin ne matsalar. Alamominsa sun haɗa da ƙarar gwaf-gwaf a gargada, mota na fizga gefe idan an taka birki, da taya na cin gefe ɗaya bayan an yi alaimen bai daɗe ba. Amma bol-joyin da tayirod da suka ci su ma haka suke yi. A hau da motar kan ramin gareji, ka kunna fitilar waya, ka sa kyamara a yanayin bidiyo mai tafiyar hawainiya, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, sannan makanike ya dangwali kowane hannu da liba. Idan ka sake kallon bidiyon za ka ga inda ƙarfe ke tsalle a cikin roba, abin da ido ba ya kamawa. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, komai kyawun hoton da kake nema.

Wajen oda, sunan mota bai isa ba. 504 salun, da doguwa, da a-kori-kura ba ƙafar baya ɗaya gare su ba, kuma motar da ta shekara talatin a hannun makanikai mai yiwuwa an taɓa dasa mata kayan wata. Auna tsohon da kalifa mai lamba: faɗin waje, faɗin ramin kusa, da tsawo, duk a milimita. Ɗauki hotonsa kusa da awon, ka tura wa mai kaya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ta WhatsApp kafin ka biya. Idan kaya ya zo, danna farce: roba mai rai tana lotsawa ta dawo nan take. Lanƙwasa bakinta a haske, in ka ga ƙananan tsaga, mayar. Duba inda roba ta haɗu da ƙarfe, kada a ga rata. Ana kuma sayar da ƙaramin ma'aunin Shore A mai batir da bai fi wayar hannu girma ba. Ga mai gareji ko ƙungiyar abokai masu tsofaffin motoci, yana raba gardama tsakanin kaya biyu da ke kama da juna.

Ɗaurin da ke kashe sabon bushin

Za ka iya yin zaɓi daidai, a lalata shi cikin minti goma. Tunda bushin roba murɗewa yake ba juyawa ba, dole a yi masa ɗaurin ƙarshe lokacin da motar ke zaune a kan tayoyinta. Idan aka matse kusa mota na sama tayoyi na reto, da an sauke ta robar za ta murɗe ta zauna a haka, kowane rami kuma ya ƙara murɗe ta fiye da iyakarta. Irin wannan ne ke yagewa cikin 'yan watanni, a ce kayan jabu ne. A sa kusoshi sako-sako, a sauke motar, a ɗan girgiza ta, sannan a matse a kan rami.

Wajen cire tsohon, a guji ƙona shi da wutar walda a jikin hannun, zafin na iya raunana ƙarfen. Wajen sa sabon, injin dannawa ya fi guduma, kuma idan ana son santsi a yi amfani da ruwan sabulu, ba baƙin mai ba. Wasu bushin na da fuska: na bayan hannun gaba a Golf 2 da Golf 3 yana da ramuka a jikin robar da dole su kalli inda aka tsara, don haka ka ɗauki hoton tsohon kafin a fitar da shi. A canza hagu da dama tare, a kuma wuce wajen alaimen a ranar, kafin sabuwar taya ta fara biyan kuɗin jinkirin.